Lakar da Aka Ɗauka Ta Mutu: Tarihin Tayar da Shanyayyun Ƙafafu da Lantarki da Gashi

A shekarar 1862 wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya sayi wata tsohuwar takarda a garin Luxor na ƙasar Masar. Da masana suka warware rubutun, sai ga shi littafin likitan tiyata ne da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ɗauke da bayanin raunuka 48. Cikinsu akwai na mutumin da ƙashin wuyansa ya goce: ba ya jin hannuwansa, ba ya jin ƙafafunsa, fitsari yana zuba bai sani ba. Likitan ya siffanta ciwon tiryan-tiryan, sannan ya yanke hukunci cewa wannan ba ya cikin cututtukan da ake yi wa magani. Hukuncin ya yi ƙarko fiye da kima. A farkon ƙarni na 20 ma, Santiago Ramón y Cajal, mutumin Sifen da ya fi kowa sanin jijiyoyi a zamaninsa har ya karɓi kyautar Nobel a 1906, ra'ayinsa shi ne hanyoyin jijiya na cikin ƙwaƙwalwa da laka idan suka yanke a jikin baligi ba sa sake tohowa.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan takwas cikin goma na sojojin da suka ji rauni a laka makonni kaɗan suke yi su rasu. Gyambon kwanciya ne ke cinye su, da cutar mafitsara da ke hawa har ƙoda. Wanda ya fara juya lamarin shi ne Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya tsero daga Jamus a 1939. A Fabrairun 1944 gwamnatin Birtaniya ta danƙa masa sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville, ya kafa tsari mai tsanani: a juya mara lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana, a kula da fitsarinsa da tsabtarsa, a tashe shi zaune, a sa shi motsa jiki, a koya masa sana'a. Gasar harbin kibiya da ya shirya wa tsofaffin sojoji 16 masu keken guragu a 1948 ita ce ta girma ta zama wasannin nakasassu na duniya, waɗanda aka fara a birnin Rum a 1960. Guttmann ya ceci rayuka masu yawa, amma bai yi wa kowa alkawarin tafiya ba. A zamaninsa, da shekaru da dama bayansa, manufar jinya ita ce a ƙarfafa abin da ke sama da raunin, a haƙura da abin da ke ƙasa.

Wannan haƙuri ya samo asali ne daga yadda aka ɗauki laka. Igiyar jijiyoyi ce mai kaurin ɗan yatsa, tsawonta kamar santimita 45, ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙashin baya. An ɗauke ta ɗan aiken sarki: ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, laka ta kai wa ƙafa, shi ke nan. Alhali ta fi kama da hakimi. Tana da ƙasarta, ta san yadda ake tafiyar da ita, abin da take jira daga fada shi ne a ce mata a tashi, a tsaya, a juya. Idan hanyar fada ta yanke, hakimin yana nan da ransa, zama kawai ya yi babu umarni.

Mutumin da ya fara tabbatar da haka shi ne Thomas Graham Brown, ɗan Scotland, a 1911, yana aiki a ɗakin binciken Charles Sherrington a Liverpool. Sherrington ya riga ya ga cewa kyanwar da aka yanke wa laka takan yi motsi irin na taku, amma ya fassara shi da cewa martani ne ga abin da ƙafa ta ji. Sai Graham Brown ya yanke lakar, ya kuma yanke jijiyoyin da ke kawo ji daga ƙafar. Babu saƙo daga sama, babu saƙo daga ƙasa, duk da haka tsokar lanƙwasawa da tsokar miƙewa suka ci gaba da karɓa-karɓa, wannan ta ja, waccan ta saki. Kenan kiɗan tafiya a cikin lakar yake. Abin takaici, masana zamaninsa suka yi biris da shi. Shi ma daga baya ya karkata ga hawan duwatsun Alps, inda ya yi suna fiye da yadda ya yi a kimiyya. Sai bayan kusan shekara hamsin Anders Lundberg da abokan aikinsa a Gothenburg ta Suwidin suka tono aikinsa suka nuna yana da gaskiya.

Mataki na gaba shi ne wanda nake ganin ya fi kowane muhimmanci a wannan tarihi, ko da yake shi aka fi mantawa. A tsakiyar shekarun 1980, ƙungiyar Reggie Edgerton a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, da Hugues Barbeau da Serge Rossignol a Montreal ta Kanada, suka riƙa ɗora manyan kyanwoyi da aka yanke wa laka gaba ɗaya a kan injin tafiya, wanda shimfiɗarsa ke gudu ƙarƙashin ƙafa. Kullum sai an ɗora su, ana tallafe ƙugunsu. A hankali ƙafafun baya suka fara ɗaukar nauyi suna taku, har suna sauya sauri idan an ƙara wa injin gudu. Daga baya mutanen Edgerton suka ga wani abu da ya fi wannan: kyanwar da aka koya wa tsayuwa takan ƙware a tsayuwa amma takunta ya yi rauni, wadda aka koya wa taku kuma takan ƙware a taku. Idan aka daina atisayen, ƙwarewar ta dushe. Laka tana koyo, kuma abin da aka maimaita mata shi take riƙewa.

Likitoci suka ɗauko dabarar zuwa ga mutane. Anton Wernig a Jamus ya wallafa sakamakonsa a 1992, Volker Dietz kuma ya yi nasa a asibitin Balgrist na Zurich. Ana rataye mara lafiya da ɗamara daga sama don a rage masa nauyi, masu gashin ƙashi su zauna ɗaya a kowace ƙafa suna ɗaga ta suna saukewa, wani yana riƙe da ƙugu. Aiki ne mai karya baya. Waɗanda lakarsu ba ta yanke duka ba sun amfana, ko da yake wani babban gwaji da Bruce Dobkin ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna injin bai fi atisayen tafiya a ƙasa ba muddin an ba su lokaci da himma iri ɗaya. Waɗanda ba sa iya motsa komai kuwa, tsokokinsu kan ɗan farfaɗo a kan injin, amma ba su tashi ba. Lakar ɗan Adam ta fi ta kyanwa dogaro da ƙwaƙwalwa, kuma idan ta rasa ta sai ta yi nauyin barcin da atisaye kaɗai ba ya iya tashe ta.

Lantarki ya shigo ta wata ƙofa daban, ƙofar raɗaɗi. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa motsa manyan jijiyoyin taɓi yana iya toshe saƙon zafi a cikin laka. Bayan shekara biyu, a 1967, likitan tiyata Norman Shealy a Amurka ya dasa wa wani mai ciwon daji na'urar farko da ke aika lantarki a bayan laka don rage masa azaba. Babu wanda ke tunanin tafiya a lokacin. Amma a 1973 Albert Cook da Stanley Weinstein a New York suka ba da rahoton cewa wata mai cutar da ke cinye rigar jijiyoyi, wadda aka sa wa na'urar saboda ciwo, motsinta ma ya gyaru.

Wanda ya bi wannan sawu ba ji ba gani shi ne Milan Dimitrijevic. A 1998, shi da Yury Gerasimenko na cibiyar Pavlov da ke Rasha da Michaela Pinter ta Ostiriya suka wallafa abin da suka gani a jikin mutum shida masu cikakkiyar shanyewa. Suna kwance aka aika lantarki ga sashen lakar da ke kula da ƙafafu, bugu 25 zuwa 60 a kowane sakan, ba tare da wani tsari na hagu da dama ba. Sai ƙafafun suka fara lanƙwashewa suna miƙewa kamar masu tafiya. Masu bincike a Vienna sun nuna daga baya cewa idan aka rage bugun zuwa 5 zuwa 15, ƙafafun miƙewa suke yi kamar za a tsaya. Abin da Graham Brown ya gani a kyanwa ya tabbata a mutum bayan shekara 87. Dimitrijevic ya kuma daɗe yana cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kira masu cikakken yankewa suna da ragowar zaren jijiya da suka tsallake raunin, sai dai muryarsu ta yi ƙasa ƙwarai. Binciken gawarwaki da Byron Kakulas ya yi a Ostareliya ya goyi bayansa.

A nan ya kamata mai karatu ya gane yadda abin ke aiki, domin an sha yi masa gurguwar fahimta. Na'urar ba ta haɗa lakar da ta yanke, kuma ba tsokar ƙafa take ja kai tsaye ba. Ana shimfiɗa wani siririn faifai mai ɗigon ƙarfe 16 a kan rigar da ta lulluɓe laka, ƙasa da wurin raunin, a haɗa shi da batirin da aka dasa ƙarƙashin fata. Lantarkin yana taɓa jijiyoyin da ke shiga laka ta baya, waɗanda ke kawo labarin matsayin gaɓɓai da nauyin da ke kan tafin ƙafa. Wannan ne ke farkar da lakar, ta yadda ɗan raunannen saƙon da ya tsallako daga ƙwaƙwalwa zai isa ya sa ta aiki.

Haɗuwar hanyoyin biyu ta fara da Richard Herman a Arizona, wanda a 2002 ya ba da labarin wani mai raunin da bai yanke duka ba, da tafiyarsa ta ƙaru da aka haɗa masa lantarki da atisaye. Amma labarin da ya karaɗe duniya daga Louisville ta jihar Kentucky ya fito, a hannun Susan Harkema, wadda ta yi aiki da Edgerton. Gidauniyar Christopher Reeve, ɗan fim ɗin da ya faɗo daga doki a 1995 ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, tana cikin masu ɗaukar nauyin aikin. Rob Summers ɗan wasa ne a jami'ar jihar Oregon, mota ta buge shi a Yulin 2006 ta gudu, ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa, sai ɗan ji da ya rage masa. Kafin a dasa masa komai sai da ya yi atisaye sau 170 cikin wata 26, babu wani canji na a zo a gani. A Disambar 2009 aka dasa na'urar. Da aka ci gaba da horo, ya kai ga tsayuwa da nauyinsa a kan ƙafafunsa sama da minti huɗu a jere. Bayan wata bakwai kuma abin da masu binciken ba su nema ba ya faru: idan na'urar tana kunne, ya yi niyyar motsa ɗan yatsan ƙafa, sai ya motsa. Mujallar Lancet ta wallafa wannan a Mayun 2011. Masu shakka suka ce ai yana da ragowar ji. A 2014 aka ƙara maza uku, biyu cikinsu ba sa ji ba sa motsi ko kaɗan, dukansu kuma suka iya motsa ƙafa da niyya.

Shekarar 2018 ce aka ga taku. A Satumba, Claudia Angeli da Harkema suka ba da rahoton mutum huɗu. Kelly Thomas ta kai ga tafiya da ƙarfen dogarawa bayan atisaye 81 cikin mako 15. Jeff Marquis sai da ya yi 278 cikin mako 85. Sauran biyun sun iya tsayuwa da zama da kansu, amma ba su kai ga tafiya a ƙasa ba, kuma ɗaya daga cikin huɗun ya samu karaya a ƙugu ana cikin horo, domin ƙashin da ya daɗe bai ɗauki nauyi ba yakan yi laushi. A rana guda asibitin Mayo da ke Minnesota ya sanar da labarin Jered Chinnock, wanda bayan zuwa gashi sau 113 cikin mako 43 ya yi tafiyar mita 102, yana dafe da ƙarfen dogarawa, masu gashi suna taimaka masa. Jaridu suka buga hoton na'ura. Ni kuwa waɗannan alƙaluman nake so a tsaya a kalla. Mako 85 ya haura shekara ɗaya da rabi, mutum yana zuwa yana gumi, wasu mutane suna durƙushe gabansa suna ɗaga masa ƙafa, watanni suna wucewa kafin a ga taku ɗaya nasa na kansa. Wannan rabin aikin ba ya shiga kanun labarai, kuma in babu shi babu tafiyar.

Gaskiya ne cewa wata ƙungiya a Minnesota, ƙarƙashin David Darrow, ta nuna a 2019 cewa lantarki kaɗai, ba tare da horo mai tsanani ba, yana iya dawo da ɗan motsi na niyya. Amma motsa ƙafa a kwance daban, ɗaukar nauyin jiki a daidaita shi a kan ƙafa ɗaya daban.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga ɓeraye. Grégoire Courtine, Bafaranshe da ya yi horo a wurin Edgerton kafin ya koma Suwizalan, ya wallafa wani gwaji a 2012. An yanka lakar ɓerayen daga ɓangarori biyu a wurare daban-daban, ta yadda babu hanyar da ta rage kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. An ba su magani da lantarki duka. Wasu aka ɗora su a injin tafiya, inda shimfiɗar ke ja musu ƙafa ko sun so ko ba su so ba. Wasu kuma aka tallafe su da ɗamara a kan dandali, aka ajiye cakulan a can gaba, sai sun yi yunƙuri da kansu za su kai gare shi. Na biyun ne suka dawo da tafiyar niyya har da hawa matakala, kuma da aka duba lakarsu sai aka ga sababbin rassan jijiya sun kewaye raunin. Na farkon ba su samu haka ba. Kenan ko atisayen ma sai da niyyar mai shi yake gina hanya.

Courtine ya haɗa gwiwa da Jocelyne Bloch, likitar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin jami'a na Lozan. Sun lura cewa lantarki mai zuba babu tsayawa yana dushe jin matsayin gaɓɓai a jikin mutum, saboda yana karo da saƙon da ke tahowa daga ƙafa. Sai suka tsara shi bugu-bugu: ɓangaren da ke ɗaga ƙafar dama ya samu nasa a lokacinsa, na miƙe ta ya samu nasa, sannan a koma hagu. A ƙarshen 2018 suka nuna maza uku masu raunin da bai yanke duka ba, waɗanda suka fara taku da tallafi cikin mako guda. Bayan watanni na horo, David Mzee, wanda ƙafarsa ta hagu ta shanye tun 2010, ya iya 'yan taku ko da an kashe na'urar. A Fabrairun 2022 suka zo da faifai mai tsawo da aka ƙera musamman don wannan aiki, maimakon aron na masu raɗaɗi. Maza uku da ba sa iya motsa ƙafa sam, ciki har da Michel Roccati na Italiya da ya yi hatsarin babur a 2017, sun yi taku da tallafi a ranar farko da aka kunna musu. Amma fita waje da ƙarfen dogarawa sai bayan watanni na gashi.

A Mayun 2023 aka ƙara wani mataki. Gert-Jan Oskam, mutumin Holan da ya yi hatsarin keke a ƙasar Sin a 2011, yana cikin ukun 2018, amma ci gabansa ya tsaya. Aka dasa masa wasu na'urori biyu a ƙoƙon kai, ƙirar wata cibiya a Grenoble ta Faransa, kowace da ɗigon ƙarfe 64. Suna karanta niyyarsa ta motsi, kwamfutar da ke jakar bayansa ta fassara, ta aika wa na'urar da ke lakarsa. Ya hau matakala, ya bi gangare, har ya riƙa tafiya da sanduna ko da an kashe komai. Ɗaya daga cikin na'urorin kan sai da aka cire ta saboda ƙwayar cuta ta shiga wurin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka. Waɗanda suka yi tafiya ta wannan hanya 'yan ƙalilan ne, tafiyar tasu a hankali ce, da abin dogarawa, kuma yawancinsu keken guragu ne abin hawansu na yau da kullum. Da yawa cikinsu sukan ce abin da ya fi sauya musu rayuwa shi ne daidaituwar bugun jini da samun sauƙin fitsari da bayan gida. A Disambar 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna ARC-EX, wadda ake mannawa a fata ba tare da tiyata ba, amma don ƙarfin hannu ne. Ta dasawa don tafiya kuwa, zuwa lokacin tana matakin gwaji. Saboda haka duk wanda ya ce wa iyalin mara lafiya su sayar da gona ko gida ya kai su inda za a dasa na'ura ɗansu ya miƙe, a yi hattara da shi.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da hatsarin mota da na babur ke kwantar mana da matasa. Masu waɗannan gwaje-gwaje ba sa ɗaukar wanda gyambo ya ci bayansa, ko gwiwarsa ta ƙage, ko ƙashinsa ya yi laushi ƙwarai, kuma ragowar zaren jijiyar da lantarki ke dogara da su suna iya tsinkewa a wajen ɗauko mutum daga bakin titi. Idan kun tarar da wanda ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada ku naɗe shi ku cusa a mota, kada a ja shi da sunan ɗori. Ku kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa har asibiti. Wanda kuma yake da mai wannan lalura a gida, ya juya shi duk awa biyu, ya lanƙwasa masa gaɓɓai kullum, ya kula da robar fitsarinsa, kuma kada ya yanke zuwa wurin masu gashin ƙashi don an ce ba zai tashi ba.